Hular Kwano a Kan Ɗan Kallo

Duk wanda ya san ni a Mai'aduwa ya san ba na gudu da babur. Ba taka-tsantsan ba ne irin na dattawa, tsoro ne zalla, kuma tun ina saurayi nake tare da abina. Jincheng ɗina ta tsufa ba ta san giya ta huɗu ba. In na kama hanyar Daura, yara masu keke sukan wuce ni su yi mini sannu, wani ma ya waiwayo ya tambaya ko mai ne ya ƙare. Ranar Lahadi kuwa, da kasuwarmu ke ci, tireloli sun jeru ana lodin shanu zuwa Kudu, ba na ma fito da ita, sai in sa takalmi in taka sayyadata. Bakaniken da ke duba mini ita ya rantse cewa a duk garin nan ni kaɗai nake cinye birki kafin in cinye taya.

To ga inda kunyar take. Wannan mutumin da na kwatanta muku, malamin makaranta mai furfura a gemu, wanda ake miƙa wa lasifika a wurin ɗaurin aure ya yi wa matasa nasiha, ba abin da yake so a duniya irin ya ga yaro ya murɗe totur har ƙarshe ya shiga kwana a kwance. In ina zaune a gida na jiyo kukan salansar da aka cire wa hanji daga wajen fako, ko tuwo ne a gabana sai ya fita raina. Sai in hau lalube, ina hulata, ina takalmina, wai zan leƙa bakin titi in ga wani. Maiɗakina ta daɗe da daina tambayar ko wane ne wanin.

In an matsa mini, a kan doki nake ɗora laifin. Muna yara, in Sallah ta zo ko Gani, akan kai mu Daura kallon hawa, zamanin marigayi Sarki Muhammadu Bashar, wanda ya riƙe sarauta daga 1966 zuwa 2007. Sauran yara suna kallon lifidi da alkyabba da 'yan bindiga, ni jahi kawai nake jira: mahaya su jeru can nesa, su sako dawaki a sukwane, ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafarka, sai sun zo dab da Sarki su ja linzami, doki ya turje ya tsaya cik, ƙurar da suka kwaso ta wuce su ta rufe mu. In koma gida da ja-jan idanu da tari, in kwana ina murna. Ƙasar nan tamu ta daɗe da son gudu. A Katsina tun shekarun 1920 Sarki Muhammadu Dikko ya kafa wasan ƙwallon doki, ɗansa Usman Nagogo ya shahara a kansa har ƙasashen waje. Tsallaken iyaka ma, Damagaram da Maraɗi, sukuwa ba baƙuwa ba ce. Sai dai doki na masu hali ne. Ɗan talaka bai samu abin sukuwa ba sai da baburan China suka cika kasuwa da araha a farkon shekarun 2000, daga baya Boxer ta Indiya ta biyo baya. Da gwamnatin Kano ta hana acaɓa a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, samarinmu da yawa da ke neman kuɗi a birni suka dawo gida da baburansu, da kuma dabarun da suka koyo a can. Daga nan rakiyar ango ta sauya kama. Ana shafa fatiha, sai ka ji gari ya ɗauka.

Akwai wani fako a bayan unguwarmu, ƙasa ce mai tauri da ba ta yin gero, ta gefe ɗaya kuma rairayi ya ɗan rufe ta. Nan ake ƙarasawa in an gama zagaya gari. Wanda bai taɓa tsayawa a bakin fakon nan da la'asar sakaliya ba, ba zai gane ciwona ba. Kafin a fara, za ka ga yaran sun durƙusa gaban baburansu, a kwance madubi, a cire murfin gefe, a rage wa tayar baya iska don ta kama ƙasa. Ana haka sai wani siririn yaro, wanda shi ne gwanina a lokacin, ya ja da baya har bakin gonaki. Silifa ce a ƙafarsa, rigarsa ta shadda ya naɗe ta ya ƙulle a ƙugu. Ya taho. Kana jin yadda yake sauya giya, ɗaya, biyu, uku, kukan yana ƙara siranta, sai ya iso tsakiyar fako ya kwantar da babur hagu, ya sauke ƙafar hagu tana shara, tayar baya ta kufce tana feshin tsakuwa, shi kuwa kansa na kallon inda zai fita, ko a jikinsa. Ya zagayo, ya sake zagayowa, da'irar tana ƙara tsukewa, har ƙura ta haɗiye shi, sai kuka kake ji. Can sai ya ɓullo ta wani gefen, tayar gaba a sama. Warin fetur da ƙonannen baƙin mai da roba ya cika hanci, ƙasa tana ƙaras-ƙaras a haƙori, mata na rangaɗa guɗa daga bayan katanga. A wannan lokacin ko sunana ka kira ba zan amsa ba.

Tsakuwar nan tana da zafi in ta sami goshi, shi ya sa nake zuwa da shirina. Ranar 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano, har aka yi ta ba da labarin 'yan acaɓan Kano da suka riƙa kifa ƙwarya a ka don su tsere wa tara. Ni ta gaske na saya, mai gilashi, kuma har gobe tana nan. Saboda haka in ka zo fakonmu ranar biki, hular kwano ɗaya tak za ka gani a wurin, kuma a kan ɗan kallo take.

Wata shekara abin ya yi yawa. A biki ɗaya aka take akuya mai ciki, aka kife kaskon mai ƙosai, Allah ya tsare ba a ƙona kowa ba. Mai unguwa ya tara dattawa, aka kafa kwamitin jan kunnen matasa, kuma da yake ni ne mai biro a aljihu, aka ce ni ne magatakarda. Ban ƙi ba. Na rubuta takardar gargaɗi mai kyau, wadda har yau in na tuna wasu jimlolinta nakan ji daɗi. Na tsaya bayan sallar isha'i na yi jawabi a kan darajar rai da hawayen uwaye, har wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce Allah ya ƙaro mana irina.

Ba a yi nisa ba aka ɗaura auren wani ɗan acaɓa.

Washegari da safe ina shan koko, maiɗakina ta zo ta zauna kusa da ni da wayarta, fuskarta ba yabo ba fallasa.

"Malam, zo ka ga wani bawan Allah mai kama da kai."

Faifan bidiyo ne, ya riga ya zagaye WhatsApp na matan unguwa. Mai ɗauka yana bin babur ne, amma a gefen hoton ga wani mutum da babbar riga da hular kwano, ya ɗage gilashin, yana tsalle da ƙafa bibbiyu, hannu a sama. Muryarsa ta danne ta kowa: "Ƙara mata wuta, yaro! Kwantar da ita!"

Na ce ai aikin kwamiti ne ya kai ni, na je ɗaukar sunayen masu yi.

"To," in ji ta. "Da ƙara mata wuta ake ɗaukar suna yanzu?"

Mai unguwa bai ce mini komai ba sai da muka haɗu a wata jana'iza. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, ya ce, "Malam, an ce aikin kwamiti ya yi nisa." Na ce, "Ranka ya daɗe, ana ta ƙoƙari." Kwamitin bai sake zama ba.

Ɗan yayata ne ya ƙarasa lalata ni. Ya dawo hutu daga makaranta a Katsina, ya ji labarin faifan, ya miƙo mini wayarsa yana danne dariya: "Kawu, tunda abin a jini yake, ga na Turawa." Tseren babur ne a cikin filin wasa, wanda suke kira sifidwe. Mutum huɗu ne ke jeruwa a bayan wani zare, kowa da launin hularsa, ja, shuɗi, fari, rawaya. A ɗage zaren, su zagaya fili sau huɗu, kullum ta hagu, a kan ƙasa mai tsakuwa, cikin minti ɗaya ko kusa da haka an gama. Na farko maki uku, na biyu biyu, na uku ɗaya, na ƙarshe ya tashi a tutar babu. Injin mai ƙarfin 500 ne, giya ɗaya tal, ba fetur yake sha ba, wani sinadari ne mai suna metanol. A takalmin hagu suna ɗaura tafin ƙarfe don sharar ƙasa, abin da gwanina ke yi da silifa. Suna haura kilomita 100 a awa a miƙe. Sai yaron ya ƙara da cewa, "Kuma Kawu, ba su da birki."

Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Babu birki sam, ba na gaba ba na baya, haka dokar wasan take. In mutum zai rage gudu sai dai ya sassauta totur ya jefa babur a karkace. Ni da nake taka birki in na hango kaza a ɗaya gefen titi, daren nan ban yi barcin kirki ba.

Daga nan na zama masani. Na san cewa galibi ana danganta farkon wasan da wani gari mai suna West Maitland a Ostireliya a 1923, ya shiga Ingila a 1928. Na san Ivan Mauger na Niyu Zilan ya ci kambun duniya sau shida tsakanin 1968 da 1979. Na san yanzu a ƙasar Polan wasan ya fi kasuwa, ɗansu Bartosz Zmarzlik ya ci kambun a 2019 da 2020, ya kuma jera 2022 da 2023 da 2024. Duk wannan ilmin a majalisar mai shayi nake sauke shi, a kan mutanen da suka zo jin farashin taki da labarin Arsenal. In na ce "a Polan kuwa," sai ka ga ana neman takalma. Kuɗin data da na ƙona a kan wannan karatu, maiɗakina da tiyar gero take lissafa shi. Mutum ɗaya ne ya taɓa rufe mini baki, wani tsohon direban babbar mota da ya yi shekaru yana bin hanyar Agadas. Ya saurare ni har na gama, ya ce shi da idonsa ya ga Turawan tseren Paris zuwa Dakar sun ɓullo daga hamada a kan babura, fuska duk ƙasa, ba a waya ba. Gaskiyarsa, tun tseren farko a 1979 ta Agadas da Yamai suka bi. Na yi shiru ina jin haushinsa, ina kuma so ya ci gaba.

Abin da ya fi kama ni a faya-fayan nan ba matuƙan ba ne, tsofaffin 'yan kallo ne. Za ka ga dattijo Bature, ya girme ni nesa ba kusa ba, ana hira da shi a kan filin garinsu da aka rushe. Da yawan filayen Ingila sun tafi: na Hyde Road a Manchester an rufe shi a 1987, na Wimbledon a Landan ya daina tseren a 2005, daga baya aka rushe shi. Ba sakamakon wasa suka fi tunawa ba. Wari suke tunawa, na metanol haɗe da man zurma da ake zuba wa injin. Suna tuna yadda ubanninsu ke kai su da dare, a tsaya a kwanar farko inda tsakuwa ta fi feshi, a kare fuska da takardar jerin wasa, a sauke ta a rubuta maki da biro. Suna tuna Wembley a 1981, gasar duniya ta ƙarshe da aka yi a can, mutum sama da dubu 90, Ba'amurke Bruce Penhall ya ci. Wani yana magana muryarsa tana rawa. Na gane su sarai, 'yan'uwana ne, ciwonmu ɗaya. Amma na yi musu hassada. Su nasu da tikiti aka shiga, da shinge tsakaninsu da babur, da motar asibiti a gefe, da alƙali mai tsayar da wasa in wani ya faɗi. Yau in sun ba da labari a ce tarihi ne, a ɗauke su a talabijin. Ni in na ba da nawa sai a ce dattijo da sakarci.

Ko da yake, in don gwaninta ce, ban yarda sun fi mu ba. Kuma gwanayenmu na gaske ba a biki ake ganinsu ba. Mu nan iyaka muke, Kwangwalam na nan kusa, in ka tsallaka sai Matamaye da Damagaram. A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari, ɗan masarautar nan tamu, ta rufe iyakokin ƙasa, a watan Nuwamba kuma hukumar kwastan ta hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Mun sha wuya, ɗan galan ɗin da za ka zuba sai ka nemi 'yan bumburutu. A shekarun nan ne na riƙa ganin samari suna ɗaure jarkoki a Boxer, gaba da baya da gefe, har ba ka ganin mutum sai kansa, su bi ɓarauniyar hanya cikin rairayin da ni ko tura babur ba zan iya ba. A fili na ce fasa-ƙwauri ne, haramun ne a doka, ga haɗarin wuta, kuma duk gaskiya na faɗa. A zuci kuwa maki nake ba su.

Sau ɗaya shaiɗan ya ce mini in gwada. Bayan sallar asuba ne, gari bai gama wayewa ba, na tura Jincheng har fako don kada a ji tashinta. Na ɗaure hular kwano, na yi bisimilla, na ja da baya har bakin gonaki. Na taho a giya ta biyu. Da na iso tsakiya na tuna duk abin da na karanta, na karkata hagu, na sauke ƙafa. Tayar baya ba ta kufce ba, domin babu gudun da zai kufce da ita. Babur ɗin ya tsaya kawai, ya yi ɗan tunani, ya kwanta a kaina. Ina nan kwance, ƙafa a ƙarƙashin salansa mai ɗumi, sai ga wani yaro Bafulatani ya koro shanu. Ya ɗaga mini babur, ya kakkaɓe mini riga, ya dube ni da tausayi.

"Sannu Baba. Hawan jini ne?"

Na ce e. A gida kuma na ce akuya ce ta gitta.

Da a nan abin ya tsaya, da labarin dariya ne kawai. Gwanin nan nawa, siririn yaron, wata ranar biki ya gama zagayensa lafiya, har ya nufi gefe zai kashe babur, sai ya juyo ya ƙara ɗaya. A wannan ne tayar gaba ta shiga rami. Ƙarar karayar ba irin wadda ake mantawa ba ce. Cinya ce. Aka ɗauke shi a amalanke zuwa wurin mai ɗori, domin nan aka fi saurin kai karaya a wajenmu. Bayan kwana biyu na sayi lemo da madara na je dubiya. Yana kwance a zaure a kan tabarma, ƙafar an jera mata karare an naɗe da tsumma, ƙuda na bin wurin, ya rame har idanunsa sun fito. Ya gan ni ya yi murmushi, da gaske murna yake.

"Malam, wallahi na riga na gama. Muryarka na jiyo, na ce bari in ƙara maka ɗaya."

Ba da zargi ya faɗa ba, yabo yake nema. Ban sami abin cewa ba sai Allah ya sawwaƙe. Da zan fita, mahaifiyarsa ta yi magana daga bayan labule, ba ta ji abin da ɗanta ya faɗa ba.

"An gode, Malam, Allah ya bar zumunci. Don Allah a riƙa yi musu faɗa. Kai suna jin maganarka."

Ƙafar ta ɗoru, amma ta ɗan gajarce. Yanzu faci yake yi a bakin titi, kuma ba ya karɓar kuɗina, abin da ya fi komai ci mini rai. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yaran nan ba don ango suke yi ba, ango yana can cikin mota ko kallonsu ba ya yi. Don mu suke yi, mu da ke tsaye a gefe da ƙafafunmu lafiyayyu.

Na yi damina guda ban taka fakon ba. Da in ce tuba ce zalla, amma akwai taimakon gwamnati a ciki. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce nan. Abin da kwamitinmu ya kasa, farashi ya yi shi cikin sauƙi. Yaro ya fara lissafi kafin ya ƙona lita biyu don abokinsa ya yi aure. Dattawa a masallaci suka ce ko ba komai an huta da ganganci, na ce alhamdu lillahi tare da su, da ƙarfi ma, don a ji. Fakon kansa an yanka rabinsa filaye, har wani ya aza harsashi daidai inda ake shan kwana. Ranar da na ga tulin bulo a wurin, na tsaya na daɗe, wani mai wucewa ya ɗauka fili nake son saye.

Amma rabi ya rage, kuma ba a daina aure ba. In an kawo mini katin ɗaurin aure, na lura ba sunan amarya ko na waliyyi nake fara dubawa ba, sana'ar ango nake tambaya. In malami ne ko ɗan kasuwa, in yi addu'a in aika da gudummawa. Asabar mai zuwa ƙanin bakanikena ne zai angwance, kuma tun yanzu na ga ana kwance madubai a garejinsu. Maiɗakina ma ta samu labari. Jiya da dare ta ce ranar Asabar da la'asar ni zan kai mata gero inji, tunda yaran suna Islamiyya, in kuma tsaya a wurin har a niƙa, kada a haɗa mata da na wasu. Na ce to, ba komai.

Injin niƙa biyu ne a unguwarmu. Ba ta ce wanne ba, kuma ɗaya a hanyar fako yake.